Ina Nauyin Gawayi Yake Tafiya Idan Ya Ƙone?

Wata ɗaliba mai shirin jarrabawar BEPC, wato ta ƙarshen zangon farko na sakandare a Kamaru, a Garwa ta aiko da tambaya biyu a haɗe. Ta ce: "Malam, an koya mana cewa idan sinadarai suka haɗu, nauyi ba ya ƙaruwa kuma ba ya raguwa. To amma mamata tana ƙona kilo guda na gawayi a murhu, tokar da ke saura ba ta cika tafin hannu ba. Ina sauran ya tafi? Sannan me ya sa malaminmu yake soke mini amsa idan na canza ƙaramar lambar da ke ƙasan harafi a jumlar sinadarai don ɓangarorin biyu su zo daidai, alhali lissafin ya fita?"

'Yata, Allah ya ƙara basira. Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya ne, don haka zan bi su a jere, daga murhu zuwa allo.

Gawayi ba ya cin wuta shi kaɗai, sai da iska. Shi ya sa mamarki take fifita shi idan ya fara lafawa, shi ya sa kuma idan aka kifa masa kwano yake mutuwa. Abin da yake ɗauka daga iskar shi ne oksijin, wanda ya kai kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Abin da su biyun suke haifarwa kuwa wata iska ce marar launi wadda ake rubutawa CO₂. Ke kin auna gawayi kafin a hura, kin dubi toka bayan an sauke tukunya. Oksijin da ya shiga ba ki auna shi ba, CO₂ da ta fita ba ki auna ta ba. Kin ɗauki ɗaya daga cikin masu shiga, kin gwada shi da mafi ƙanƙanta daga cikin masu fita, ai dole lissafi ya ƙi.

Bari mu sa alƙaluma. Gawayi mai kyau, kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ko fiye kabon ne, wato baƙin sinadarin da ke cin wutar, wanda ake rubutawa C. Ragowar danshi ne da wasu sinadarai masu tashi idan sun ji zafi, sai ɗan abin da zai zama toka. Mu ce kilon nan na mamarki yana da giram 750 na kabon. Kowane giram 12 na kabon yana cin giram 32 na oksijin, ya ba da giram 44 na CO₂. Ke nan giram 750 zai ci kilo 2 cif na oksijin, ya saki kilo 2 da giram 750 na CO₂. Kin ga magana ta juye: abin da ya fita daga murhun ya ninka gawayin da aka zuba kusan sau uku. Ita kuwa toka, su kalsiyam da fotasiyam ne da itacen ya tsotsa daga ƙasa tun yana raye, waɗanda ba sa tashi su bi iska. Su ne suke ba ruwan toka kaifin da ya sa ake girki da sabulu da shi.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne, can cikin zuciyarsu iska ba komai ba ce. Ko sun rubuta O₂, wato oksijin, a takarda, ba su yarda abu ne mai hawa sikeli ba. To, lita 1,000 ta iska tana da nauyin kusan kilo 1 da giram 200. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayin mita 3, yana ɗauke da iskar da ta haura kilo 50, wato ta fi buhun siminti, ko da a zafin Afirilu ne da iska ke ɗan sauƙaƙa. Oksijin kilo 2 ɗin da gawayin can ya ci, sai an tace shi daga iska wajen lita 7,000. Ita CO₂ ma ta fi iskar gari nauyi da kusan rabi. Mu a Kamaru mun san haka da baƙin ciki, domin a watan Agusta na 1986, da ta ɓalle daga tafkin Nyos a yankin Arewa maso Yamma, ba sama ta yi ba, gangarawa ta yi cikin kwaruruka ta hallaka mutane sama da 1,700.

Akwai kuma inda abin yake zuwa a juye, abu ya ƙara nauyi ba tare da an ƙara masa komai da hannu ba. Ƙarfe idan ya yi tsatsa oksijin ya sha. Giram 224 na ƙarfe yana haɗuwa da giram 96 na oksijin ya zama giram 320, kafin ma a lissafa danshin da tsatsa ke riƙewa. Abin da ke ruɗa mu shi ne tsatsa tana ɓarewa tana zubewa, sai mu ga tsohon kwanon rufi ya yi shara-shara mu ce ya ragu. Da za a tattara duk garin da ya zube a haɗa da kwanon, da sun fi sabonsa nauyi.

Wannan ruɗanin naki ya daɗe yana wahalar da manyan masana, kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Kusan duk tsawon ƙarni na 18 masanan Turai sun yi imani cewa abu mai ƙonewa yana da wani sinadari a cikinsa wanda ke ficewa idan wuta ta kama. Da itace da gawayi bayanin ya yi kyau, tunda ana ganinsu suna raguwa. Ƙarafa ne suka ƙi ba da haɗin kai, domin idan aka gasa su a iska nauyi suke ƙarawa. A 1756 Lomonosof na Rasha ya gasa ƙarafa a cikin kwalaben da aka toshe bakinsu da wuta, ya ga nauyin bai motsa ba muddin ba a buɗe ba. Wanda ya kai maganar ƙarshe shi ne Bafaranshen nan Antuwan Labuwaziye. A 1774 ya sa kuza a kwalba, ya like, ya auna, ya gasa, ya sake aunawa: babu bambanci. Da ya fasa bakin kwalbar sai iska ta kutsa ciki, nauyi ya ƙaru, kuma ƙarin ya zo daidai da abin da kuzan ya ƙara. Daga baya ya dafa zaiba kwana 12 a rufaffen mazubi, wani jan gari ya taru a samanta, iskar ciki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ya kwashe jan garin ya ƙara masa wuta, sai ga zaiba ta dawo, ga kuma iskar da ta ɓace ta fito. Matarsa Mari-An ce take rubuta sakamakon gwaje-gwajen, ita ce kuma ta zana kayan aikin da ke cikin littafinsa na 1789.

Jumlar da kuke haddacewa a aji, cewa babu abin da ke ɓacewa, babu abin da ake ƙirƙira, komai sauyawa yake yi, taƙaitawa ce da aka yi wa maganarsa a wancan littafi, a babin da yake bayanin yadda ruwan sukari ke rikiɗewa idan ya tsimu. Mutumin yana cikin masu karɓar wa gwamnati haraji, kuma ina ganin ɗabi'ar mai riƙe littafin shiga da fita ce ya kawo ɗakin gwaji. Aikin harajin ne kuma ya ja aka fille masa kai a 1794, lokacin juyin juya halin Faransa. Wani lokaci ɗalibi yakan ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai Allah yana halitta yana kuma shafewa." Haka ne, kuma dokar ba ta taɓa wannan ba. Iyakarta abin da ke faruwa a cikin tukunya da kwalba: wuta da tsami da ruwa ba su da ikon samar da komai daga babu, ko su mayar da shi babu.

Labuwaziye ya nuna cewa nauyi ba ya canzawa. Dalilin da ya sa ba ya canzawa sai da aka jira wani malamin makaranta a Ingila, Jon Dalton, wanda ya wallafa bayaninsa a 1808. Ya ce kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, su ne atam, wato ƙwayar zarra, kuma kowane iri yana da nasa nauyin. Idan sinadarai suka haɗu, atam ba ya mutuwa, ba a haifar sabo, kuma na kabon ba ya komawa na oksijin. Abokan zama kawai suke canzawa. Atam ɗin kabon da yake manne da 'yan'uwansa a cikin gawayi ya sake su, ya kama atam biyu na oksijin, suka tashi tare. Tunda adadin kowane iri bai canza ba, kuma nauyin kowane ɗaya bai canza ba, ta ina jimilla za ta canza? Kafin Dalton da 'yan shekaru, Jozef Purust ya riga ya lura cewa kowane haɗaɗɗen sinadari yana da ƙayyadadden kaso. Tataccen ruwa, ko daga Binuwai aka ɗebo shi ko daga Logon ko daga rijiyar gidanku, kowane giram 9 nasa giram 1 haidurojin ne, giram 8 oksijin. Ƙirgar atam ce ta bayyana sirrin wannan ma.

Kabon ɗin gawayin can, daga iska ya zo tun farko. Itace yana jan CO₂ ta ganyensa, ya haɗa da ruwa da hasken rana ya gina jikinsa. Darbejiyar da ta yi wa titunan Marwa inuwa, mafi yawan busasshen nauyinta daga iska da ruwa ta tara shi, abin da ta ɗauka daga ƙasa kaɗan ne, kuma shi ne zai zama toka ranar da aka ƙona ta.

Yanzu mu zo ga allo. Lambobi iri biyu ne a jumlar sinadarai, wato layin haruffa da lambobi mai nuna abin da ya shiga a hagu da abin da ya fita a dama, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙaramar da ke ƙasan harafi tana faɗin atam nawa ne na wannan iri a cikin molekul guda, wato dunƙulen atam ɗin da suke manne da juna. A H₂O, wato ruwa, akwai haidurojin (H) 2 da oksijin (O) 1, domin inda babu lamba ɗaya ake nufi. Babbar da ke gaba tana faɗin molekul nawa ne, kuma tana ninka duk abin da ke bayanta: 3H₂O yana da haidurojin 6 da oksijin 3. Idan akwai baka, lambar da ke wajenta tana ninka abin da ke cikinta kaɗai. Ca(OH)₂ yana da kalsiyam 1, oksijin 2, haidurojin 2. Idan aka rubuta 3Ca(OH)₂ sun zama 3 da 6 da 6. A nan yara da yawa suke zubar da maki, sai su ninka haidurojin su manta da oksijin da ke cikin bakar tare da shi.

Ga abin da nake zaton kin yi har malaminku ya soke. An ba ku

H₂ + O₂ → H₂O

kin ƙirga oksijin 2 a hagu, 1 a dama, sai kika maƙala 2 a ƙasan O ya koma H₂O₂. Ƙirga ta fita, ba musu. Sai dai H₂O₂ ba ruwan sha ba ne, shi ne sinadarin da ke cikin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. An tambaye ki yadda ruwa ke samuwa, kin ba da labarin wani abu dabam. Ƙaramar lamba tana cikin sunan abin, ba naki ba ce balle ki taɓa, gwaji ne ya tabbatar da ita. Abin da aka bar miki shi ne yawan da za a ɗebo na kowane ɗaya:

2H₂ + O₂ → 2H₂O

Haidurojin 4 a hagu, 4 a dama. Oksijin 2 a hagu, 2 a dama. Malaminku yana da gaskiya, ko da yake da ya gaya miki dalili a gefen takardar da ya fi jan layi kawai.

Bambancin atam guda ba wasa ba ne, kuma murhun mamarki shaida ne. Idan iska ta wadata, kabon yana samun oksijin biyu ya zama CO₂. Idan ta yi ƙaranci, sai ya samu ɗaya ya zama CO, ita kuwa guba ce marar wari marar launi, wadda ke kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu. Lokacin ɗari, musamman a Ngaundere, mutane sukan shigar da murhun gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga su kwanta. Oksijin ɗin ɗakin yana raguwa, CO tana taruwa, mai barci ba ya jin komai. Haka janareta a cikin zaure ko shago a rufe. Ki faɗa a gida.

Mu gwada wadda ta fi wuya, irin da ake kawowa a jarrabawa. Gas ɗin girki mafi yawansa butan ne, C₄H₁₀. Idan ya ƙone sosai yana ba da CO₂ da tururin ruwa:

C₄H₁₀ + O₂ → CO₂ + H₂O

Ki fara da kabon. Akwai 4 a hagu, don haka ki sa 4 a gaban CO₂. Sai haidurojin: 10 a hagu, kowane molekul na ruwa yana ɗaukar 2, ke nan 5 a gaban H₂O. Oksijin a bar shi ƙarshe, saboda a hagu shi kaɗai yake tsaye, duk lambar da kika ba shi ba za ta ɓata wa kowa lissafi ba. Ki ƙirga shi a dama: 8 daga CO₂, 5 daga ruwa, 13 ke nan. Amma shi bibbiyu yake zuwa, 13 kuwa mara ce, za ki buƙaci 6 da rabi. Kada ki firgita, ki ninka komai sau biyu:

2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O

Sai ki sake ƙirgawa daga farko kamar ba ke kika yi ba. Kabon 8 da 8. Haidurojin 20 da 20. Oksijin 26 a hagu, 16 da 10 a dama. Wannan dubawar ta ƙarshe ba ta cin minti guda, amma ita ce ɗalibai suka fi tsallakewa.

Yanzu ki mayar da ƙirgar nauyi. Idan aka ɗauki atam ɗin haidurojin a matsayin 1, na kabon 12 ne, na naitirojin 14, na oksijin 16, na kalsiyam 40, na ƙarfe 56. Butan ke nan 48 da 10, wato 58, sau biyu 116. Oksijin 32 sau 13, 416. Jimillar hagu 532. A dama, 44 sau 8 ya ba da 352, 18 sau 10 ya ba da 180, jimilla 532. Ba wani ne ya tilasta su suka zo daidai ba, atam ɗin nan ne dai aka auna sau biyu. Da wannan za ki iya faɗin abin da tukunyar gas mai kilo 12 da rabi take yi kafin ta ƙare: tana cin oksijin kusan kilo 45, ta saki CO₂ kusan kilo 38 da ruwa sama da kilo 19. Ruwan nan ana ganinsa, shi ne raɓar da ke fitowa a jikin tukunyar girki mai sanyi da zarar an ɗora ta a wutar gas. Idan kuma kika ga harshen wutar ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, atam ɗin kabon ne da ba su samu oksijin ba suka manne a can. Ko a nan ƙirga ba ta yi giɓi ba, wurin zama ne ya bambanta.

Za ki ce, wa ya taɓa ganin atam balle ya ƙirga? Da sikeli ake ƙirga su. Mai sayar da goro ba ya cewa ɗaya, biyu a ciniki babba, ƙwarya yake cewa, kowa ya san goro 100 ake nufi. Ƙwaryar manyan goro ta fi ta ƙanana nauyi, amma adadin ɗaya ne, kuma wanda ya san nauyin ƙwarya guda ta wani iri zai iya auna buhu ya faɗi ƙwarya nawa ke ciki. Ƙwaryar masu ilmin sinadarai sunanta mol, adadinta kuwa 6.022 × 10²³, ana kiransa da sunan Abogadiro, masanin Italiya. An zaɓi wannan adadi ne don lambobin can su koma giram kai tsaye: mol ɗaya na atam ɗin kabon giram 12, na oksijin giram 16, mol ɗaya na ruwa giram 18, abin da bai fi cokalin cin abinci da ɗan ƙari ba. Da mutanen duniya biliyan 8 za su taru su riƙa ƙirga molekul ɗin da ke cikin wannan ɗan ruwa, kowa ɗaya a daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai sun shafe shekara sama da miliyan 2.

Abin da nake so ki gane shi ne wannan lissafi ba don jarrabawa aka ƙirƙiro shi ba, mutane suna cin abinci da shi a nan kusa da ke. A Figil, kan hanyarku ta zuwa Marwa, akwai masana'antar siminti ta Cimencam, kuma tushen aikinta gasa dutsen farar ƙasa ne:

CaCO₃ → CaO + CO₂

Ki auna: 40 da 12 da 48 sun ba da 100 a hagu, a dama 56 da 44. Duk tan 100 na tataccen dutsen da ya shiga wuta, tan 56 ne zai saura, tan 44 ya bi bututun hayaƙi. Injiniyan da bai san haka ba ba zai iya cewa mota nawa ta dutse yake buƙata ba. Idan aka zuba wa CaO, wato gasasshen dutsen da ya saura, ruwa, giram 56 ya sha 18 ya zama 74, shi ne farar ƙasar da ake shafa wa bango. A bangon kuma tana jan CO₂ daga iska sannu a hankali, ta saki ruwa, ta koma CaCO₃ ɗin da aka fara da shi. Shi ya sa take ƙara haske da ƙarfi bayan ta bushe.

Ko ki dubi buhun takin yuriya da manoman auduga da masara suke sa wa gona. An rubuta 46 a jikinsa. Daga ina ta fito? Yuriya ita ce CO(NH₂)₂. Ki ƙirga da dokar baka: kabon 1, oksijin 1, naitirojin 2, haidurojin 4. Nauyi: 12 da 16 da 28 da 4, jimilla 60. Rabon naitirojin 28 cikin 60, wato kashi 46 da ɗoriya cikin 100. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Idan wani ya zo kasuwa da yuriyar da ya ce tana da kashi 60, ke da alƙalaminki kin isa ki ce ba zai yiwu ba. Wanda aka yi wa gauraye da yashi zai iya gaza 46, amma babu mai wuce abin da ƙirgar atam ta yanke.

A ganina a nan koyarwarmu take da rauni. Muna mayar da daidaita jumla wasan lambobi, yaro ya ƙware a kai har ya kai aji na ƙarshe, amma idan ka tambaye shi ina man da ke tankin babur ya tafi sai ya ce ya ƙone ya ƙare. Ga kuma wani kuskuren da ke biyo baya: a ɗauka komai ne ba ya canzawa. Adadin molekul yana canzawa, a jumlar ruwa 3 suka shiga 2 suka fita, a ta butan 15 suka shiga 18 suka fita. Girman wurin da abu ke cikewa yana canzawa, launi da wari da zafi duk suna canzawa. Abu biyu ne suke tsaye: adadin atam na kowane iri, da jimillar nauyi.

Idan kin ci gaba da kimiyya za ki ji cewa Ainstain ya nuna a 1905 cewa duk abin da ya saki makamashi yana rasa ɗan nauyi. Gaskiya ne. A cikin rana, inda atam ɗin kansu suke narkewa su zama wani iri, ana rasa tan miliyan 4 a kowace daƙiƙa, amma wannan fagen nukiliya ne, ba haɗuwar sinadarai ba. A murhu fa? Duk zafin da tukunyar gas ɗin can take bayarwa daga farko har ƙarshe ya yi daidai da ragin kusan kashi 7 cikin miliyan na giram guda, a cikin kaya masu nauyin kilo 57. Wani masani mai suna Landolt ya shafe shekaru a birnin Balin na Jamus yana neman irin wannan bambanci da sikeli mafi kyau na zamaninsa, ya kammala wajen 1908 bai samu abin da ya wuce kuskuren awo ba. Ki rubuta dokar a jarrabawa hankalinki kwance.

Za ki iya gwada ta da hannunki. Kin san yadda miyar yakuwa take kumfa idan aka jefa mata kanwa don kashe tsami. Kumfar nan CO₂ ce, domin kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi tana ɗauke da sinadaran da ke sakinta idan suka gamu da tsami. Sai dai kanwa ba ta da tsayayyen haɗi, wata da ƙasa wata da gishiri, don haka ki nemi garin bikarbonat a kanti ko shagon magani, shi lissafinsa sananne ne: giram 84 yana sakin giram 44 na CO₂. Ki samu robar lemon kwalba mai lita ɗaya da rabi, mai murfi mai kyau. Ki zuba ruwan khal ko ruwan lemun tsami kamar rabin kofin shayi. Ki ƙulle giram 4 na garin a 'yar takarda, ki rataye ta da zare a wuyan robar yadda ba za ta taɓa ruwan ba, ki ɗaure murfin tamau. Kada ki wuce giram 4 ɗin, kuma kada ki yi da kwalbar gilashi. Sikelin kasuwa ba zai ga bambancin ba, sai irin ƙaramin nan na lantarki da masu sayar da zinari ke amfani da shi, mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram.

Ki auna ki rubuta. Ki karkata robar garin ya jiƙe, ki bari kumfa ta lafa. Robar za ta yi tauri a hannu, garin ya ɓace wa ido, amma lambar sikelin tana nan inda take. Kafin ki buɗe, ki lissafa da kanki nawa ya kamata ya fita: giram 4 sau 44, a raba da 84, ya ba da giram 2 da ɗan kaɗan. Sai ki sassauta murfin a hankali, bakin robar yana kallon nesa da fuskarki, ki mayar da komai kan sikeli har da murfin. Za ki ga ragin giram 1 da rabi zuwa 2. Bai cika lissafin ba saboda wata CO₂ ta narke a ruwan, wata kuma tana zaune a cikin robar tunda ta fi iska nauyi. Wasu littattafan suna cewa a ɗaura balan-balan a bakin kwalba maimakon murfi. Kada ki bi wannan. Balan-balan ɗin idan ya kumbura yana ture iskar da ke kewaye da shi, ita kuma ta ɗan ɗaga shi sama, sai sikeli ya nuna ragin sama da giram guda alhali babu abin da ya fita. Roba mai tauri ba ta kumbura yadda za ta kawo wannan rikicin.